Yashin na Tarayya, Ramin na Mutanen Gari

Idan ana zancen ma'adinai a Arewa, hankali yakan tafi ga zinaren Anka da Maru, ko kuzar Jos, ko duwatsun Riruwai da ke can Doguwa a kudancin Kano. Da wuya ka ji an sa Wudil a lissafi. Amma da za a auna abin da ake ɗebowa daga ƙasa da nauyinsa, ba da tsadarsa ba, da yashi da tsakuwa da marmara ne za su yi wa sauran fintinkau. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa duniya na cinye kimanin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara, kuma in ban da ruwa babu wani abu da ɗan Adam ke ɗiba daga ƙasa kamarsu. Kowane bulo da aka ɗora a Hotoro ko Mariri, kowace kwalbati, kowace gadar sama da gwamna ya yanke wa zare, da yashi aka yi ta, kuma yashin nan daga wani wuri aka kwaso shi.

Ƙasar Wudil na cikin wuraren. A sama da garin ne Kogin Kano da Kogin Challawa suke haɗuwa, su gangaro su ratsa ƙarƙashin gadar Wudil, su miƙa Ringim da Haɗeja, har ruwan ya je ya tarar da Tafkin Chadi ta Komadugu Yobe. Tsakanin Wudil da birnin Kano tafiya ce ta kilomita arba'in ko abin da ya yi kusa, a kan babbar hanya, wato direban tipa zai iya yin sawu fiye da ɗaya a yini. Ɗauki Kausani a matsayin misali: ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, tare da irin su Utai da Darki da Indabo da Lajawa da Achika. Mutanenta manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kamar maƙwabtansu, kuma tambayar da ta shafe su mai sauƙin faɗa ce: idan aka zo aka haƙa rami a gefen gona ko a bakin mashaya, aka kwashe abin da ake so aka yi gaba, wa za a kai wa ƙara, kuma wa zai cike ramin?

Amsar doka ta farko takan ba manomi mamaki. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 44, ya damƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ko samanta a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma haƙar ma'adinai na cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta bi wannan layi, har ta fito fili ta ce ɗibar yashi don kasuwanci, a cikin kogi ne ko a tudu, sai da takardar izini daga ministan ma'adinai. Ita kuwa ƙasar da yashin ke kwance a kai, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ta a hannun gwamna, a matsayin amana. Manomin da ya gaji gonar kaka da kakanni yana da haƙƙin zama da noma ne kawai. Saboda haka a fili guda an sami masu iko uku, kuma wanda ya fi kowa kusa da filin shi ne mafi ƙarancin iko a kansa. Dokar 2007 ta ƙara da cewa in haƙar ma'adinai ta ci karo da wani amfani da ake yi da ƙasa, haƙar ce ke gaba.

Kada a ɗauka wannan tunani baƙo ne gaba ɗaya. Malamanmu na fiƙihu sun san cewa a mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, al'amarin ma'adini yana hannun shugaba ne, ko da a filin wani aka same shi, ya sarrafa shi don maslahar jama'a. Sai dai shugaban da littattafan ke nufi yana da hakimi da dagaci da mai unguwa, masu ido a kowane lungu, kuma an san hurumin rijiya da na kogi da na gari, wanda ba a taɓawa. Mu mun riƙe rabin farko na tsarin, mun saki na biyu.

Adalci ne a ce dokar 2007, a takarda, ba ta da laifi sosai. Ta ce kafin mai lasisi ya fara aiki sai ya nemi yardar mai fili, ya biya diyyar amfanin gona da kuɗin hayar ƙasa. Sai ya kawo rahoton nazarin illar aikin ga muhalli, da tsarin yadda zai gyara wurin in ya gama. Sai ya zuba kuɗi a wani asusu na musamman da aka tanada don farfaɗo da wuraren da aka haƙa. Sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da al'ummar da zai zauna a cikinta, kan abin da za ta amfana da shi, a kuma riƙa sabunta ta duk shekara biyar. Ta hana haƙa a cikin gari da kasuwa da maƙabarta, da kuma tazarar mita 50 daga hanyar jama'a ko madatsar ruwa ko layin dogo. Ta kafa wani kwamiti a kowace jiha, wanda ake kira MIREMCO, inda wakilan tarayya da na ma'aikatun jiha za su zauna tare, har da wakilin ƙaramar hukuma in maganar ta shafi yankinta. Wanda ya karanta wannan zai ce an gama magana.

To amma je ka bakin kogi da rani ka tsaya. Tipa za ta gangara da baya har tsakiyar gulbi inda ruwa ya janye. Samari huɗu ko biyar, wasu sun ɗaure kai da tsumma saboda rana, za su kewaye ta da shebur, suna watsa yashi sama da kai ba ji ba gani, har sai ta yi tozo. Inda na sama ya ƙare, sai a shiga ruwa da kwale-kwale da bokiti, mutum ya nutsa ya ciko ya miƙo. Wasu wuraren kuma an kawo inji mai zuƙo yashi ta bututu, wanda abin da yake tarawa a yini ya fi ƙarfin 'yan lodi da yawa. Ana biyan samarin nan a kan kowace tipa, don haka ba mai lokacin duba ko gaɓar da ke samansa ta fara tsagewa. Mai inji ya san lissafin man da ya ƙona, direba ya san sawunsa, mai gini a birni ya san farashin tipa. A cikinsu babu wanda aikinsa ne ya san zurfin da aka kai.

Ba wai hukuma ba ta zuwa ba ne. Tana zuwa, amma da littafin rasit. Tarayya na da kasonta a kan abin da aka haƙa, jiha na da harajinta, ƙaramar hukuma na da nata, ƙungiyar direbobi na yankar tikiti, mai fili ko mai gari shi ma akwai abin da ake ajiye masa. Rigimar wa ke da ikon karɓa ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a Janairun 2024 ta yanke hukunci a shari'ar da ta taso daga Legas cewa hanyoyin ruwa na cikin gida a ƙarƙashin hukumar tarayya ta NIWA suke. Masu jiragen ruwa da masu yasar yashi ne suka fara kai kukan cewa ana karɓar kuɗi a hannunsu ta fuska biyu. Shekaru aka kwashe ana wannan shari'a a kan wa zai karɓa. A kan wa zai cike rami kuwa, hukumomi ba sa rububi. Ma'aikatar ma'adinai tana da jami'inta a kowace jiha, amma Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, kuma ofis ɗaya a birni ba zai iya zagaye kowane gulbi da kowane ramin burji ba, ko da yana da niyya da mota da mai.

Akwai abin da ya sa yashin Wudil ya bambanta da na wani kogin, kuma shi ne ya fi damuna. Mutanen da suka tashi a bakin ruwa sun saba da cewa abin da aka ɗiba da rani damina za ta mayar. Da can gaskiya ne. Amma tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka kuma kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, manyan kogunan biyu da ke ciyar da Wudil duk an datse su daga sama. Madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba. Da zarar ruwa ya shiga tafki ya lafa, yashin da ya ɗauko sai ya kwanta a nan, abin da ake saki ta ƙofa kusan tataccen ruwa ne. Ƙananan rafuka da ke shigowa daga ƙasan madatsun suna kawo nasu, amma babbar hanyar da yashi ke bi ta toshe shekaru da yawa, a daidai lokacin da Kano ke ƙara faɗi tana ƙara neman bulo.

Ruwan da ya fito ba yashi a cikinsa kuwa yunwa gare shi. Abin da bai samu daga sama ba zai ci daga gindin kogi da gaɓoɓinsa. In aka haƙa rami a tsakiyar gulbi, ruwa na faɗawa ciki da ƙarfi, yana gutsurar bakin ramin ta sama, ramin ya riƙa tafiya baya-baya yana haurawa; ta ƙasa kuma ruwan ya fita yana kankare abin da ya tarar. Gindin kogi ya zurfafa, gaɓa ta yi tsayi ta miƙe, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ta zaftare da gonar da ke kanta. Mai gonar bai sayar da ko shebur ɗaya ba, wataƙila ma inda aka yi haƙar ba ya hango shi daga gonarsa.

Sannan ga maganar ruwan ƙasa. Yashin da ke kwance a gulbi shi ne randar fadama: shi ke riƙe ruwa bayan kogi ya janye, daga gare shi ne 'yan noman rani ke ja da ƙananan rijiyoyinsu da injin ban-ruwa, a nan makiyayi ke tona tafi ɗaya ya shayar da shanu. In gindin kogi ya sauka da mita guda, ruwan da ke ƙarƙashin gonakin gefe shi ma binsa yake yi. Mai tumatir da albasa zai ga injinsa ya fara shaƙar iska tun kafin bazara ta yi nisa, ya ƙara tiyo, ya ƙara mai, ya ɗora laifin a kan zafin bana.

Gada ma ba ta tsira ba. Ginshiƙanta an kafa su ne bisa lissafin zurfin kogi na lokacin da aka gina ta. A watan Maris na 2001 wata tsohuwar gada a kan Kogin Duro a ƙasar Fotugal ta karye da dare, motar safa da ƙananan motoci suka faɗa ruwa, mutum 59 suka mutu. Bincike ya nuna shekarun da aka yi ana kwasar yashi, ga kuma madatsu a sama, sun taimaka wajen tone gindin ginshiƙin da ya faɗi. Ministan da ke kula da ayyuka ya ajiye muƙaminsa a daren. Duk wanda ya san abin da ke bi ta kan gadar Wudil, daga tirelolin Maiduguri zuwa motocin shanu na ranar Juma'a, ya san ba wurin da za a bar wa sa'a ba ne.

A tudu labarin ya ɗan sha bamban, don a nan sau da yawa da yardar mai gona ake yi. Ɗan kwangila ko mai tipa zai zo ya ce ƙasar nan tana da burji mai kyau, zai biya kaza a kan kowace mota. Mutum na da aurar da 'ya a gaba, ko mara lafiya a asibiti, kuɗin da aka ambata ya fi abin da gero zai ba shi a shekaru. Sai ya amince. Katafila ta zo ta ture ƙasar sama, wadda ita ce gonar, ta bi ta haɗa ta da sauran ta tafi. Bayan wata biyu an bar masa rami mai miƙaƙƙen bango, wanda ba ya nomuwa, ba ya ginuwa, kuma magadansa haka za su gaje shi. Hanyar Kano zuwa Maiduguri, da aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, ta ci jar ƙasa mai yawa, kuma matafiyi na ganin irin waɗannan ramuka a gefenta. Da damina su cika, yara su mai da su wurin wanka, alhali ba gangare gare su ba, taku ɗaya daga baki sai zurfi. Da rani kuma masu neman ƙasar gini su shiga suna ƙwaƙule gindin bango saboda nan ya fi taushi, har su yi kogo, saman na rataye a kansu. Yawancin labaran ruftawar rami da muke ji a rediyo haka suke farawa.

Ba yau muka fara barin rami a baya ba. Kududdufan birnin Kano ramukan da aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, sai dai su sun sami aiki daga baya, suna shanye ruwan sama. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye, ruwan ya koma cikin gidajen mutane. A Filato kamfanonin Turawa sun haƙi kuza tun farkon ƙarnin da ya wuce, suka tafi suka bar tafkuna birjik a ƙasar Bukuru da Barikin Ladi. An gwada cike wasu ana dasa itatuwan turare, amma abin da aka gyara kaɗan ne, kuma har yau ana rasa rayuka a cikinsu. Zamfara ce ta fi muni. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gyaran ya zama sai an kankare ƙasar tsakar gidaje an binne ta an zubo sabuwa, kuma Bagega, mafi girma a cikin garuruwan, sai a farkon 2013 aka saki kuɗin aikinta, bayan an yi ta kururuwa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A ƙetaren iyaka, rijiyoyin zinare sun rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi a Nuwambar 2021, mutum aƙalla 18 suka mutu. A Yunin 2024 kuma, a nan gida, ramin Galadima Kogo a Shiroro ya rufe da ma'aikata. A kusan dukkansu an daɗe ana aikin a bainar jama'a kafin hukuma ta iso da motar ɗaukar gawa da sanarwar rufe wuri.

Matakan da Abuja ta ɗauka a 'yan shekarun nan ba a rasa su ba. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, aka ɗage hanin a Disambar 2024. Ministan ma'adinai Dele Alake ya soke lasisi 1,633 a ƙarshen 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, ya ƙara soke 924 a 2024 saboda an karɓa an ajiye ba a aiki. A Maris na 2024 aka ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga cikin jami'an Sibil Difens, su fiye da 2,000. A lura da dalilan: rashin biya, rashin aiki, rashin takarda. Duk matakan tsare kuɗin shiga ne da tsaro, kuma idonsu na kan zinare da litiyam. Ramin yashi a ƙauyen Wudil bai kai a tayar da mota daga Abuja saboda shi ba. Hani na gaba ɗaya kuma ba magani ba ne a nan. Ba za a daina gini a Kano ba, samarin da ke lodi ba su da wata sana'ar da ke jiransu, kuma abin da hani ke haifarwa shi ne aikin dare da ƙarin na goro a shingen hanya.

Gwamnoni sun daɗe suna cewa a cire ma'adinai daga jerin tarayya a ba jihohi. A maganar yashi da burji da yumɓu ina ganin suna da hujja, don babu ma'ana a ce mai ɗibar ƙasa a Kausani sai ya nemi sa hannun minista. Sai dai ban yarda matsowar iko kusa kaɗai za ta wadatar ba. Kududdufan Kano ba daga Abuja aka zo aka yanka su ba. In jiha ta karɓi ikon da irin idon da ake kallon abin yanzu, rasit ne kawai zai canza launi.

Abin da zai yi aiki, a ganina, bai buƙaci a jira gyaran tsarin mulki ba. Kuɗin cike rami a karɓe shi kafin a sa shebur na farko, ko a yanke shi daga kowace tipa a ajiye da sunan wurin, ta yadda dagaci da mutanen gari za su san nawa ne kuma a ina yake. Ɗan kwangilar hanya kada a biya shi kason ƙarshe sai injiniya da mai gona sun ga ya kwantar da bangon ramin, ya mayar da ƙasar saman da ya kamata tun farko ya tara a gefe. Gwamnati ce ke biyansa, ba ta buƙatar izinin kowa ta sa wannan a takardar kwangila. Ramin da ba zai ciku ba a gyara bakinsa ya zama tafkin kifi ko mashaya, a san mai kula da shi. A kogi kuwa a shata inda za a ɗiba da inda ba za a taɓa ba, musamman kusa da gada da wuraren jan ruwa da gaɓar da gonaki ke kai, a kuma riƙa sauya wuri. Wannan sai da awo, kuma masu awon na nan a gida: jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana da malamai da ɗaliban da za su iya kafa alamu a gaɓa su riƙa auna zurfin gulbi kowace shekara, Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ita ke riƙe da ƙofofin madatsun. Kujerar da doka ta ba ƙaramar hukuma a MIREMCO a zauna a kanta, da mutumin da ya san sunan kowace mashaya. Su kuma 'yan lodi, dokar 2007 ta yi tanadin haɗa ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama-kai da koya musu aiki. Ko hana ƙwaƙular gindin bango kaɗai aka iya dasa musu, an rage zawarawa.

Duk wannan zai sa farashin tipa ya tashi, kuma a nan ne za a sha daga. Yashin da ake saukewa a Kano yana da araha ne saboda ba a sa kuɗin gaɓar da ta zube da rijiyar da ta ƙafe da ramin da aka bari a cikin farashinsa ba. Mutanen ƙauye ne ke biyan wannan kason ba tare da an tambaye su ba. Ranar da aka ce a mayar da shi cikin kuɗin tipa, masu bulo da 'yan kwangila da masu gina rukunin gidaje za su yi ca, kuma a cikinsu akwai waɗanda su ne za a kai wa takardar su sa hannu.